Zuwa Yamai da kaka: wane wata ya fi, kuma ya cancanci kuɗin mota?

Maman Rabi: Assalamu alaikum ƴan Adar na gida da na waje. Shawara nake nema. Ina so in je Yamai bana idan an gama girbi, in kai tabarmina da faya-fayai wurin baje kolin mata, in kuma tafi da yara biyu su buɗe ido, don babbar ma ba ta taɓa wuce Ƙonni ba. Maigida ya ce in tambayi waɗanda suka san garin. Oktoba, ko Nuwamba, ko mu jira Disamba? Kuma me ake yi a garin a lokacin da zai sa mutum ya kashe kuɗin mota? Don Allah a faɗa mini gaskiya, ban da "ke dai ki zo".

Mushe Ilya (Bukoki): Wa alaikumus salam Maman Rabi. Oktoba ki cire ta daga lissafi. Ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta bushe ba, zafi ya dawo da ƙarfinsa, ga gumi irin na bakin kogi wanda ku mutanen Tawa ba ku saba da shi ba. Sauro kuma lokacinsa ke nan, asibitoci cike da masu masassara. Ƙari a kan haka, watan komawa lakwal ne, kowa ya zuba kuɗinsa a littattafai da ɗinkin yara, wa zai taya tabarma? Daga tsakiyar Nuwamba iska take juyawa, safiya ta yi sanyi, dare ya yi daɗin fita. Yawancin taruka ma a nan ake ajiye su, daga Nuwamba zuwa Disamba. Sai dai ina da tambaya a matsayina na malami: yaran nan ba sa lakwal? Hutu sai ƙarshen Disamba fa.

Maman Rabi: Suna yi Mushe. Na ce ko sati guda ba zai yi musu komai ba.

Mushe Ilya (Bukoki): Haka kowace uwa take cewa. To, na dai faɗi nawa.

Hajiya Ta-Ƙonni: Ƙanwata, baje kolin da kike nufi SAFEM ne, na mata masu sana'ar hannu. Abu na farko, ba kowace shekara ake yin sa ba, bayan shekara bibbiyu ne, saboda haka ki fara tabbatar da cewa bana shekararsa ce. Na biyu, ba a tashi daga gida da kaya a ka a je a shimfiɗa. Rumfa kama ta ake yi da kuɗi, kuma ta hanyar ƙungiya ta fi sauƙi. Ki je wurin shugabannin masu sana'ar hannu na nan Tawa ki sa sunanki tun yanzu, mata uku ko huɗu ku haɗa kuɗi ku kama rumfa guda, ku riƙa karɓar juna wajen tsaro. Ke kaɗai ba za ki iya ba, ko salla za ki tashi sai kin bar kaya ga baƙo.

Abin da za ki gani kuwa ya fi ciniki. Matan Agadas da kayan fata, matan Difa da turaren wuta da humra, na Damagaram da alkaki, ga na Mali da Burkina da atamfofinsu da rini, har daga nesa ake zuwa. Ni a can na ga yadda wata take naɗe bakin faifai da fata ja, na tsaya na ƙura mata ido har ta gane, ta yi dariya ta ce in zauna. Wannan naɗin shi nake ci har yau.

Amma ki riƙe wannan: kada ki sayi tikiti sai kin ji rana daga bakin rediyo ko daga shugabar ƙungiya, kuma ki sake tambaya ana saura kwana biyu. Wani taron ne daban, ba zan kama suna ba, muka sauka da kaya aka ce an ɗaga. Muka zauna gidan mutane muna cin uwar kuɗi.

Baba Ɗan Adar: Ni dai ban gane mi kuka nema Yamai ba da kaka. Ɗiyata, in ciniki za ki, Allah shi ba da sa'a. Amma in don ɗiya su ga al'ada na, to kin ba ta baya kin tahi neman ta. Kaka ta ƙauye ta. An yanke hatsi, an ɗaure dami, rumbu ya cika, samari sun ƙoshi, nan aka buga ganga a hito dandali a yi kokowa. Nan aka amre. Nan rundawa ka yin dambe, ɗiya mata na gaɗa ga farin wata. Yamai mi ag gare su? Su shiga ɗaki mai sanyi, su zauna bisa kujeru, a kawo makaɗi shi yi minti goma a ce lokaci ya ƙare, a taɓa mai hannu kamar an gama jawabi. Kuma sai da takardar gayyata. Kokowar ƙasa da kuka ji ana ta kuri da ita, nan Tawa anka fara ta, 1975, ina saurayi sa'annan. Kantu na Maraɗi yaz zama sarki. Ga Kadade namu, wanda duk ƙasag ga ta san sunanai. Gasar Ɗan Gurmu ta mawaƙa, ina aka yin ta? Tawa. To mi za a nuna muna?

Bagobirin Madawa: Baba ya gama magana. Ban da haka ma, wa zai ɗauki ƴaƴansa ya kai wa Zabarmawa? Su dawo ba su san komai ba sai dambu da kopto.

Hamani na Yantala: Ga bawana ya fito. Kai Bagobiri, duk shekara nan kake zuwa da buhun albasa, ka kwana a zaurena, ka cinye mini dambun da kake zagi har ka lashe kwano. Maman Rabi kada ki saurare shi. Baba, gaisuwa nake, Allah ya ƙara girma. Na yi zaman aiki a Tawa, matata ma ƴarku ce, ba zan musa maka daɗin kakar Adar ba. Amma Yamai ɗin da ka kwatanta ta manya ce, ta Palais des Congrès da sabon zauren Mahatma Gandhi. Akwai wata Yamai ɗin. Da zarar sanyi ya fara, duk Asabar da Lahadi unguwa ba ta rasa rumfar biki ta tare hanya. A layi guda za ka ji kalangu, ka karya kwana ka ji molo da bitti na mutanenmu, ka ƙara gaba Buzaye na takamba. Ba mai tambayar ka takarda. Filin kokowa ma muna da shi, kuma kafin a tafi gasar takobi kowace jiha sai ta zaɓi ƴan kokowarta, mu ma muna yin namu zaɓen, ana kallo.

Zali (jami'a, Harobanda): Baba, da girmamawa, dandalin da kake faɗa yaushe rabonka da shi? Na je garinmu bara bayan girbi. Kafin a gama ɗaukar dami samari sun ɗaure jaka, wannan Abijan, wannan Libiya, wannan Legas. Waɗanda suka rage suna gindin shago sun haɗa kai a kan waya guda. Ƴan mata ba su san waƙar gaɗa ba sai ta fim. Ni gurumi ban taɓa riƙe shi da hannuna ba sai a nan Yamai, a cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya, inda aka tara kayan kiɗan ƙasar nan. A can na fara ganin biram, wanda marigayi Malam Maman Barka ya je har yankin tafkin Cadi ya koyo don kada ya ɓace. Abin takaici ne a ce sai a birni, amma haka abin yake.

Baba Ɗan Adar: Ɗiyag ga kin taɓa ni inda ka ciwo. Gaskiya ta, dandali ya yi sanyi. Amma goge da anka rataye ga bango ba goge ba na. A ba makaɗan ƙauye abin da za su ci, ki gani in ba su tashi ba.

Zali (jami'a, Harobanda): A kan wannan ba mu da gardama Baba.

Mushe Ilya (Bukoki): Mu koma kan yaran. Maman Rabi, ko ba a yin taron komai, gidan tarihi na Bubu Hama shi kaɗai ya isa dalilin kawo yaro. Tun 1959 yake nan, a tsakiyar gari, da ƙafa ma za ki iya gangarawa bakin kogi daga wurin. Mutane suna zuwa don zaki da kura da dorina, ni kuwa idan na kai ƴan ajina wurin ƙasusuwa nake fara kai su. Dabbobin da suka rayu tun kafin a san ɗan Adam, waɗanda aka tono a hamadar Agadas, har da wani kada wanda kansa kaɗai ya kusa tsawon mutum. Duk surutun yaro, a nan yake yin shiru. Daga nan sai itacen Tenere, wanda ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar rairayi ayari na kwatance da shi, har wata mota ta buge shi a 1973 aka kwaso gungumen aka kawo. Kullum sai yara sun tambaye ni yadda aka yi direba ya rasa hanya a duk faɗin hamada sai kan itace guda. Akwai ɗakin tufafin gargajiya, akwai bukkoki da gidajen ƙabilu da aka gina a fili, yaro ya shiga ya fita.

Ke kuma abin da zai amfane ki yana gefen masu sana'a. Maƙeran azurfa suna zaune a ƙasa da ɗan zugazuginsu, masaƙa na jefa ƙoshiya, dukawa na ɗinki, duk a gaban idonki. Ki ce maƙeri ya nuna wa yaran sarƙar Tawa a cikin jerin sarƙoƙin garuruwa, kusa da ta Agadas. Da yawa daga ƴan Tawa ba su san suna da tasu ba. Ki je da safe ranar aiki. Ranar Lahadi da ranakun salla ba wurin sa ƙafa.

Hamani na Yantala: Mushe ya manta kogi, don shi mutumin tudu ne. Maman Rabi, abin da baƙi ba su sani ba, kogin Isa sau biyu yake cika a Yamai. Na farko a Agusta zuwa Satumba, ruwan damina na kusa da mu, ja wur saboda laka, shi ne mai ɓarna, shi ya ci gidaje a Harobanda da Saga a 2020. Sai ya ɗan sauka. Na biyu kuma ruwan Gine ne. Can aka yi ruwan sama tun damina, amma sai ya bi ta Mali ya bazu a fadamun Mopti, ya yi ta jan ƙafa, ba ya iso mu sai sanyi ya shiga. Daga Nuwamba yake hawa har Janairu. Wato lokacin da tabkunanku na Adar suke janyewa, mu namu ƙaruwa yake, ba hadari ba gajimare. Ki kai yaran gadar Kennedy da la'asar su taka da ƙafa. A ƙasa masu wanki sun shanya kaya, ga masu lambu suna ɗibar ruwa, ga ƴan kwalekwale. Idan an yi sa'a su ga raƙumi ɗauke da kaya yana tsallaka gadar a tsakanin motoci, ko a jikinsa. Gadar tun 1970 take, yanzu an yi ta biyu da ta uku, amma ta tafiya da ƙafa ita ce wannan. Bayan nan a nemi gasasshen kifi.

Bagobirin Madawa: Kifin da Bazabarme zai saya wa baƙo? Sai dai ya nuna miki mai gashin ya ce waya ta kira shi.

Hamani na Yantala: Kai dai da aka saya maka, ƙaya ka haɗiye.

Malam Sani: Ni jan hankali ɗaya gare ni. Ba kowane abu da aka kira al'ada ake kai yara ba. Akwai wannan bikin nuna tufafi da ake yi, mata na yawo a gaban maza. Duk wanda ya girma ya tuna abin da ya faru a shekara ta 2000 da aka kawo shi Yamai, har zanga-zanga aka yi, ta kai Maraɗi. Maman Rabi ki yi cinikinki, ki kai yara gidan tarihi, ki ziyarci babban masallaci, ki dawo gida lafiya.

Zali (jami'a, Harobanda): Malam, FIMA kake nufi. Alphadi, mai zanen tufafin nan, ya fara shi a 1998 a hamada, wajen Tigidit, daga baya aka riƙa yin sa a Yamai. Ban ce kowa ya je ba, kuma daren nunin ma ba na mai ƙaramin aljihu ba ne. Amma a tuna akwai teloli da masu surfani da maƙera da dukawa da suke samun aiki a dalilinsa. Na san mai ɗinkin da daga nan aka fara yi masa oda daga waje.

Malam Sani: Samun kuɗi ba ya halatta abu, ƴata.

Mai Kula da Zaure: Malam ya faɗi nasa, Zali ta faɗi nata. Maman Rabi ba ta ce za ta can ba. A bar shi haka don Allah, kar mu kwana a nan kamar wancan satin.

Usmanu Direba: Ni hanya zan yi magana a kai, ita na sani. Tawa zuwa Yamai ta haura kilomita 500: Badagishiri, Tsarnawa, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, sannan Yamai. Yini ne cur. Kaka lokacin ƴan ci-rani ne, motocin safe cika suke, ki yanki tikiti tun jajibiri, ki je tasha da wuri saboda kaya. Tabarmi a naɗe su tam a sa a buhu a rubuta suna da lamba, kuɗin kaya daban ne da na kujera, a yi maganarsa kafin a loda. Katin ɗan ƙasa a hannu, ba a ƙasan jaka ba, yara kuma a riƙe musu takardar haihuwa, akwai shingaye. Motar safe kawai, ban yarda da tafiyar dare da yara ba. Rigar sanyi ko da kin ga rana, asubahin Disamba a tasha ba wasa ba ne. Wani zai ce miki ki sauka Kure yara su ga raƙuman dawa. Da can haka ake yi, amma tun harin da aka kai a wurin a Agustan 2020 ba wurin da mace da yara za su sauka su kaɗai ba ne. Su leƙa ta taga, wani lokaci ana hango su daga bakin hanya. Haka kasuwannin ƙauyukan bakin kogi da ake yaba miki, ki tambayi mutanen gari halin da ake ciki a satin kafin ki fita.

Hajiya Ta-Ƙonni: Usmanu ya yi gaskiya. A cikin gari kuma taksi na haɗaka ne, ki faɗi inda za ki, in hanyarsa ce ya ce shiga. Idan da kaya ko wuri mai nisa zai ce kuɗin mutum biyu, ku gama magana kafin ki zauna. Hausa kuwa ba za ki ɓata ba, Katako da Wadata da Babbar Kasuwa rabin masu shaguna mutanenmu ne.

Ɗan Bagaji: Ni kuma da za a bi tawa, a jira 18 ga Disamba, bikin ranar Jamhuriya. Wanda ya ga Tawa Sakola a 2017 ya san abin da ake kira biki. Fareti, dawakai, raƙuma, mawaƙan jiha takwas.

Mushe Ilya (Bukoki): Ai kai da kanka ka ba da amsa. A Tawa ka gan shi, don zagayawa da shi aka riƙa yi, Doso, Maraɗi, Agadas, Tawa, Damagaram, Tilaberi. Takobin kokowa ma haka yake yawo jiha jiha. Manyan bukukuwan ƙasar nan yawancinsu ba na Yamai ba ne. Taron makiyaya na Ingal can yake a Satumba, Biyanu na Agadas ne. A nan Baba yana da gaskiya. Abin da Yamai take da shi, kowa yana da ɗan'uwa a cikinta, kuma mai saye da kuɗi yana nan. Wani abin da zai yi wa Baba daɗi: tsohuwar cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, wadda ke kusa da gidan tarihi, tun 2024 sunan Mustafa Alasan take ɗauke da shi, mai shirya fim ɗin nan da ya yi zamansa a Tawa.

Baba Ɗan Adar: To ka gani. Ko sunan da za su sa ma ɗakinsu sai sun zo Tawa sun ara. Na san shi da ido, Allah shi jiƙan shi.

Hamani na Yantala: Baba, a wajenmu fa aka haife shi. Aro muka ba ku.

Baba Ɗan Adar: Inda mutum yat tsufa nan a garinsu.

Maman Rabi: Kai jama'a, na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa maigida duka, ya yi ta dariyar Baba da Hamani. Ga yadda muka tsaya: gobe zan je wurin shugabar ƙungiya in ji ko bana ana yi da kuma ranar. In ana yi, ni kaɗai zan bi ayarin mata, yara su zauna lakwal, Mushe ka ji daɗi. Idan an ba da hutu babansu ya kai su su ga ƙasusuwan da kogin. Baba kuma ya yi mini alkawari a nan gaban kowa, ranar da za a yi kokowa a garinsu ya aiko a ɗauki yaran. Hajiya, tabarma nawa kike ganin zan ɗauka? Ina da manya na tsakar gida da ƙanana.

Baba Ɗan Adar: Na ɗauka. In an sa rana kin ji.

Hajiya Ta-Ƙonni: Manyan ki bar su gida, ɗauki biyu ko uku don ado. Mutanen Yamai ɗakunansu ƙanana ne kuma leda suka saba shimfiɗawa. Ƙananan na salla da faya-fayai masu launi su ke tafiya, da ƴan kwanduna in kina yi. Ki zo da canji da yawa, ƴan dala ashirin da hamsin, don da safe kowa da jika goma yake zuwa. Ki kira ni bayan magariba mu yi maganar rumfa, akwai wata ƴar Illela da take neman ta uku.

Hamani na Yantala: Maman Rabi, tunda za ki zo, uwargida ta ce a taho mata da cuku na Abalak, mai kauri, ba irin wanda Bagobiri ya kawo bara ba.